Aikatau "cull" da Fassararsa: Misali daga Kiwon Jar Akuyar Maraɗi

Kalmar "cull" ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci "cuillir", wanda ya zama "cueillir" a yau. Tushenta kuwa Latin ne, "colligere", wato tattarawa. Ma'anarta ta farko ita ce ɗaukar abin da ake so daga cikin taro, kamar yadda ake tsinkar furanni. Daga baya makiyayan Ingila suka juya ta, ta koma nufin fitar da dabbar da ba a son irinta ya yaɗu a garke. A ƙarni na 20 aka ƙara mata ma'ana ta uku: kashe wani kaso na dabbobi saboda cuta ko yawa.

Ma'anoni biyu na ƙarshe duk an ga aikinsu a ƙasarmu. A zamanin mulkin Faransa, saboda darajar fatar jar akuya a kasuwannin Turai, ma'aikatan dabbobi sun riƙa dandaƙe bunsuran da ba jajaye ba a ƙasar Maraɗi. Cibiyar kiwon awaki da aka kafa a Maraɗi a 1963 ta ci gaba da tace irin. Dandaƙa ba kisa ba ce. An dai fitar da bunsuru daga sahun masu barbara. Amma a 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, kashe kaji aka yi.

Hausa ba ta buƙatar aron kalmar, domin azuzuwan aikatau da Parsons ya bayyana a 1960 sun raba abin da Ingilishi ya haɗa. "Tsamo", aji na 6, yana jawo abu zuwa ga mai magana, shi ne ma'anar farko. "Tsame", aji na 4, yana raba abu da ƴan'uwansa, shi ne ta biyu. Ta uku kuwa "kashe" ce, ba sakayawa.

Wannan ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. In aka rubuta wa mai kiwo a Jiratawa "a kashe" a gurbin "a tsame", to ɓoye akuyarta za ta yi. In kuma aka sakaya kisa da "tsamewa" lokacin annoba, ba za ta sake yarda da takarda ba. Don haka muna ba da shawara mai fassara ya tabbatar da makomar dabbar kafin ya zaɓi aikatau.