Gardamar Hujja a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Littattafan share fage kan jera mazhabobin wannan fanni tamkar jerin sarakuna, wannan ya sauka wancan ya hau. Jerin yana da sauƙin hadda, amma yana rufe abin da malaman suka daɗe suna jayayya a kai: mece ce hujja idan ana batun abin da ke cikin ran mutum?

Bayan Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, an dogara sosai da bayanin da mutum horarre zai bayar kan abin da ya ji a ransa. Almajiransa biyu ne suka tona raunin hanyar. Mutanen Oswald Külpe a Würzburg suka ce sun tarar da tunani marar hoto ko kaɗan, Edward Titchener a Amurka ya ce ba su iya dubawa ba ne. Wa zai raba gardamar, alhali shaidar kowa tana cikin kansa?

Kan haka John Watson ya tashi a 1913 ya ce a tsaya kan ɗabi'ar da ido ke gani. Yawun karnukan da Pavlov ya yi gwaji da su ana iya auna shi ɗigo-ɗigo, kowa kuma yana iya maimaita gwajin. Nan Watson ya yi gaskiya. Inda mazhabarsa ta zarce shi ne ɗaukar cewa abin da ba a gani ba shi da gurbi a bayani.

Ɓeraye ne suka yi mata gyara. A 1930 Edward Tolman da Charles Honzik suka riƙa sakin ɓeraye cikin akwati mai lunguna. Wani rukuni ya yi kwana 10 yana yawo ba abinci a ƙarshen hanya, kurensa bai ragu sosai ba. Ran na 11 aka ajiye abinci. Nan da nan suka kamo rukunin da ake ajiye wa abinci a ƙarshen hanya tun farko. Ashe sun san hanya tuntuni, dalilin sauri ne ba su da shi. Tolman ya kira wannan taswirar cikin kai a 1948.

An fi yayata sukar da Noam Chomsky ya yi wa Skinner, jigo a mazhabar Watson, a 1959, amma a ganina gwajin ɓerayen ya fi nauyi, domin da ma'aunin Watson aka yi shi: ƙidayar kure, ba tambayar ɓera me ya ji ba. Masu nazarin tunani na yau ma a kan wannan sharaɗi suke aiki. Idan suna son sanin yadda mutum ke tuna kalma, agogo suke sa masa su auna jinkirinsa kafin ya danna maɓalli.