Sabuwar burauza a wayar ɗan Haɗejiya: me ake samu, me ake bayarwa?

Burauza ita ce manhajar da waya ko kwamfuta ke buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome, Opera Mini, Firefox, Phoenix da Brave. Yawancin masu waya ba su ne suka zaɓi tasu ba. Wanda ya sayi Tecno, Infinix ko itel a Haɗejiya zai tarar da Chrome na kamfanin Google a ciki, sau da yawa tare da Phoenix, kuma da su zai ci gaba har wayar ta tsufa. In ya sauya, galibi wani aboki ne ya ce masa wata ta fi sauri ko ba ta shan data.

Dalilan nan biyu suna da nauyi a wannan yanki. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda kuma ya bar cikin gari ya nufi ƙauyukan fadama ta wajen Auyo, Kiri Kasamma ko Guri ya san yadda sabis ke raguwa. A shekarun ambaliya kamar 2020 da 2022, lokacin da kogin Haɗejiya ya cinye gonaki ya yanke hanyoyi, shafin da ya buɗe cikin daƙiƙa biyar ya fi wanda ke ta juyawa daraja nesa ba kusa ba.

Babu manhajar da ta ci moriyar wannan hali a Najeriya kamar Opera Mini, wadda wani kamfanin ƙasar Norway ya fitar a 2005. Dabararta ita ce, idan an kunna matakin tsimin data mafi tsanani, wayar ba ta zuwa shafin da kanta. Manyan kwamfutocin kamfanin Opera ne ke ɗauko shafin, su matse hotuna, su rage nauyinsa, sannan su turo wa wayar abin da ya saura. Kamfanin ya ce tsimin kan kai kashi 90 cikin ɗari. To amma duk abin da mutum ya karanta ko ya rubuta a wannan mataki sai ya bi ta hannun kamfanin, ya buɗe shi kafin ya matse shi, ko da shafin na banki ne mai alamar kwaɗo. Tun 2016 kuma wasu masu zuba jari na ƙasar Sin suka sayi sashen burauzar Opera. Wannan ba hujja ce ta cewa ana satar bayanan kowa ba, sai dai ya kamata mai amfani ya san wanda ke tsaye tsakaninsa da shafin da yake dubawa.

Sauran burauzoji ba su bambanta da juna a sauri yadda tallarsu ke nunawa ba. Chrome, Brave, Edge, Samsung Internet da babbar Opera duk a kan gini ɗaya suke, wato Chromium, wanda Google ke jagoranta. Firefox ce fitacciyar da ke da injin kanta a wayoyin Android. Abin da ke kawo bambancin da ido ke gani shi ne talla da manhajojin bibiya da ake cusawa cikin shafuka, waɗanda kan cinye data fiye da labarin da aka zo karantawa. Brave, wadda ta fito a 2016, tana toshe su tun daga farko. Firefox na Android tana karɓar ƙarin manhajar toshe talla mai suna uBlock Origin. Chrome kuwa ya cire tsarinsa na tsimin data a 2022, kuma ba a sa ran kamfanin da talla ce babbar hanyar samun kuɗinsa ya ɗauki toshe ta da zafi. Akwai ɗan abin lura a nan: jaridun intanet da dama da tallar suke biyan ma'aikata, don haka burauzojin nan sun bar damar a ƙyale shafin da mutum yake son tallafa wa.

Wajen sauƙin aiki ne matse shafi ke nuna aibinsa. Shafukan cike takardu, kamar na JAMB ko na asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, sun dogara da ƙananan umarni da ke aiki a cikin wayar kanta, kuma matakin tsimi mai tsanani kan rikita su. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai fi samun kwanciyar hankali da cikakkiyar burauza a irin wannan aiki. Haka ma wakilin jam'iyya ko mai sa ido da ke duba shafin IReV, inda hukumar zaɓe ta INEC ta ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna a zaɓen 2023: hoton da aka matse yana iya sa a kasa bambanta 3 da 8.

Batun sirri shi ne aka fi fahimta a baibai. Masu iya ganin abin da mutum ke yi iri uku ne, kuma burauza ba ta da iko a kansu duka. Kamfanonin talla da ke bin sawu daga shafi zuwa shafi, waɗannan Brave da Firefox suna rage musu gani sosai. Kamfanin da ya ƙera burauzar shi ne na biyu, kuma a nan babu wanda ya fita tas. A 2015 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta gano UC Browser na fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da ingantacciyar kariya ba. A 2020 an kama Brave tana maƙala lambar neman kamasho a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, shugabanta ya nemi afuwa. Mozilla mai Firefox kuwa mafi yawan kuɗinta daga Google suke fitowa, ladan sanya injin bincikensa a gaba. Shi kansa Google ya amince a 2024 zai goge biliyoyin bayanai don sasanta ƙarar da aka shigar kan tsarin Incognito, wanda jama'a da yawa suka ɗauka ɓuya ce. Aikinsa kawai hana wayar ajiye tarihin shafuka, don wanda ya ari wayar ko mai cajin waya a kasuwa kada ya gani.

Na ukun, kamfanin layi, shi ya fi shafar matashin da ke rubutu kan siyasa. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan zirga-zirgar masu layi na shekara biyu, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa doka. Sashe na 24 na dokar, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha gurfanar da 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi. Sauya burauza galibi ba ya hana kamfanin layi sanin sunan shafin da aka ziyarta, ko da bai ga abin da ke ciki ba. Manhajar VPN, wadda 'yan Najeriya suka rungumo lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, tana ɗauke wannan sani ne daga kamfanin layi ta miƙa wa mai VPN ɗin. Tor ta fi su ɓoyewa, amma a sabis mai rauni tafiyarta tafiyar hawainiya ce. Abin da mutum ya wallafa da sunansa a Facebook kuwa babu burauzar da ke rufe shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ɗan ƙasa damar kai ƙorafi ga hukumar NDPC idan kamfani ya yi wasa da bayanansa.

Saboda haka mai waya ɗaya yana iya riƙe burauza biyu: mai matse shafi don karatun labarai da sakamakon ƙwallo a inda sabis ya yi ƙasa, da cikakkiya mai toshe bibiya don banki, rajista da duk abin da ke buƙatar kalmar sirri. Gwajin sabuwa ba ya wuce mako guda. A sauke ta daga Play Store, kada a karɓa ta Xender daga wayar wani. A hana ta izinin ganin lambobin waya da wurin da ake. A kashe sanarwar labaran da take turowa. Sannan a ƙarshen mako a shiga saitin wayar a kwatanta datar da ta sha da wadda tsohuwar ta sha.