Horon Harbi na 'Yan Sanda da Halin da Dirin Daji Ke Ciki

Aikin ɗan sanda a Nijeriya da bindiga ya fara. Dakarun Hausawa da Turawa suka kafa a Legas a 1863, da rundunar Kamfanin Neja da ke Lakwaja tun 1888, horon soja suka samu: fareti, saɓa bindiga, da harbi idan hafsa ya ba da umarni. An horar da su ne don murƙushe tawaye. A Arewa kuwa, dogarai da 'yan doka na En'e galibi da kulki da bulala suke aiki. Rundunar 'yan sandan Nijeriya da aka haɗe a 1930 ta gaji ɗabi'ar bariki, kuma kafa 'yan sandan kwantar da tarzoma bayan samun 'yanci ya ƙara mata ƙarfi.

Sauyi mafi girma ya shafi tambayar yaushe ya halatta a ja kunama. Tsohuwar Dokar Runduna mai lamba 237 ta ba ɗan sanda damar harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya tsere. A 2019 aka yi mata kwaskwarima don ta dace da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, waɗanda suka taƙaita harbin kisa ga kare rai. Gyaran ya dace, ko da yake zanga-zangar EndSARS ta 2020 ta nuna bai riga ya shiga hannun mai riƙe da bindiga ba.

Sai dai wannan gyara birni da shingen bincike ya duba. Ɗan sandan Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, 'yan bindiga yake fuskanta, a kan babura, riƙe da AK-47 irin tasa, kuma sun fi shi sanin daji. A Afrilun 2021 sun kashe DPO na Sakaba da wasu jami'ansa. A Maris na 2022 suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna, suka kashe fiye da 60. Iya saiti a filin atisaye ba ya ceton wanda bai koyi neman mafaka, tafiya a warwatse da ja da baya cikin tsari ba. Darasin nan an fi bayar da shi ga 'yan kwantar da tarzoma a sansanoni irin na Gwoza, alhali ɗan sandan caji ofis ne ke fara cin karo da maharan.

Ya kamata Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil su sa dabarun daji cikin horon kowane kurtu da hafsa, a kuma riƙa maimaita atisayen harbi kowace shekara ga duk wanda aka tura ƙasar Zuru.