Daga Kerasus Zuwa Kakuri: Tarihin Kalmar "Cherry"

Kalmar Ingilishi "cherry", wadda Bahaushe ke furtawa ceri, asalinta sunan wani ƙaramin ɗan itace ne ja mai ƙwallo ɗaya a cikinsa, wanda bishiyarsa ba ta yin 'ya'ya sai ta sha tsananin sanyi irin na Turai da yammacin Asiya, shi ya sa ba a noma shi a Kaduna. Duk da haka, daga watan Disamba zuwa Afrilu kalmar ba ta barin bakin masu talla a kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha, amma abin da suke kasawa a tire su kira shi da wannan suna agwaluma ce.

Tushen kalmar mafi nisa da aka sani shi ne Girkanci, inda ake kiran bishiyar "kerasos", kuma akwai wani gari mai suna Kerasus a bakin Baƙin Teku, wanda a yau shi ne Giresun na ƙasar Turkiyya. Marubucin nan na Rum, Pliny, ya ruwaito cewa sarkin yaƙi Lucullus ne ya kai bishiyar Italiya daga wannan yanki bayan yaƙinsa da Sarki Mithridates, kimanin shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai dai masana da yawa suna ganin garin ne ya ci sunan bishiyar, ba bishiyar ce ta ci sunan garin ba. Daga Girkanci kalmar ta shiga Latin, daga nan ta bazu ta zama "Kirsche" a Jamusanci da "cerise" a Faransanci, kuma "karaz" na Larabci da "kiraz" na Turkanci duk dangi ne.

Wurin da tarihin ya fi armashi shi ne shigarta Ingila. Tsohon Ingilishi yana da tasa sigar, wato "ciris", amma bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sai tasu sigar "cherise" ta danne ta. Da yake Ingilishi yana gina jam'i ne da ƙara sautin "s" a ƙarshen suna, sai kunnen Ingilishi ya ɗauka "cherise" jam'i ce, aka yanke mata wutsiya aka ƙirƙiro tilon da babu shi a asali, wanda ya fara bayyana a rubuce wajen shekarar 1300. Wannan abu ba baƙo ba ne ga mai nazarin Hausa, domin Bahaushe ya yi kishiyarsa: ya ji "al" na Larabci, wanda harafin fayyace suna ne kawai, ya ɗauka jikin kalma ne, shi ya sa albasa da alkama da alƙalami suka zo da shi manne har yau.

Da tafiya ta yi nisa ma'anar ta yi rassa, ta haɗa da bishiyar, da katakonta da ake yin kujeru da shi, da launin ja mai haske, sannan aka riƙa ara ta ga duk wani ƙaramin abu kewayayye, kamar ɗanyen ɗan kofi da ƙananan tumatir.

Ta wannan ƙofa ce agwaluma ta samu sunan a Ingilishin Nijeriya, alhali ba su haɗa dangi ba, domin ita 'yar'uwar kaɗanya ce a wajen masana tsirrai. Launinta ruwan lemo ne, ta fi ceri girma nesa ba kusa ba, tana da ƙaro mai manne leɓe da tsami mai tsinka yawu, ƙwallayenta kuma sukan kai biyar, a jere kamar tauraro idan aka tsaga ta, ga ɓawonta da yara ke taunawa har ya zama cingam. Bishiyar kurmi ce, Yarabawa suna ce mata "agbalumo", inda Hausa ta samo agwaluma, Ibo kuma suna cewa "udara".

Mai yiwuwa dalilin da ya sa sunan Turancin ya kafu a kudancin kogin Kaduna, inda Kakuri da Sabon Tasha suke, yana cikin tarihin unguwannin ne. A nan tashar jirgin ƙasa take, inda layin Ikko da na Fatakwal suka haɗu, a nan kuma masaƙar Kakuri ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya biyo baya a 1975, sai matatar mai a 1980, waɗanda suka tara ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar. Inda mai saye ya san "udara", mai sayarwa ta san "agbalumo", maƙwabcinsu kuma ya san agwaluma, dole a nemi suna na huɗu da kowa zai gane, kuma ceri ce ta toshe wannan giɓi.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki ceri ta Kakuri a matsayin ɓatancin Turanci, tunda ita kanta kalmar kuskuren ji ne ya haife ta a Ingila shekara 700 da suka wuce. Abin da ya wajaba a kan masu tsara ƙamus shi ne su rubuta ma'anonin biyu, su kuma bayyana cewa a Hausa sunan wannan ɗan itace na kurmi agwaluma ne.