Murar Infuluwenza: Tarihinta a Ƙasarmu, Alamominta da Hanyoyin Kariya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Infuluwenza mura ce mai tsanani wadda ƙwayar cuta ta bairos ke haddasawa. Ta bambanta da murar da muka saba da ita, domin takan zo farat ɗaya da zazzaɓi, tari, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara. Wani lokaci kuma sabon nau'inta yakan ɓulla ya game duniya, kamar yadda aka gani a 1918, 1957, 1968 da 2009.

Tarihinta a wurinmu

Annobar 1918 ta sauka ta bakin teku a ƙarshen watan Agusta, sannan ta bi hanyoyin fatauci zuwa arewa. Kafin shekara ta ƙare ta riga ta ratsa ƙasashen Salaga, Yendi da Bawku. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 100,000 a ƙasar da ake kira Gana a yau. Alhaji Umaru na Salaga, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya rubuta ƙasida a kanta. A zamaninmu ma, cikin 2017, nau'in H1N1 ya yi ajalin ɗalibai huɗu a makarantar Kumasi Academy. Cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon ita ce ke bibiyar nau'o'in cutar a ƙasar nan.

Yadda take yaɗuwa

Tana bin tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba. Alamominta kan bayyana bayan kamar kwana biyu da kamuwa. Ke nan hatsarinta yana inda muke cunkoso: kasuwa, motar haya, makarantar allo, taron suna, zaman makoki da sahun salla. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi, mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu asma, ciwon suga ko ciwon zuciya.

Kariya da magani

Mu riƙa wanke hannu da sabulu, domin ruwan alwala kaɗai bai wadatar ba. Mu rufe baki da hanci yayin atishawa, kuma hakan sunna ce. A buɗe tagogin masallatai da azuzuwa. Akwai allurar rigakafi da ake sabuntawa duk shekara saboda ƙwayar tana sauya kama, kuma hukumomin Saudiyya suna kwaɗaitar da maniyyata su yi ta. Kaji ko zabi da suka mutu haka kawai, kada a taɓa su. A sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a Gana a 2007, 2015 da 2021.

Magungunan kashe bakteriya da ake saya a kemis ba sa kashe bairos. Maganinta na musamman, oseltamivir, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 bisa umarnin likita. Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko yaro ya ƙi shan nono, a garzaya asibiti. A nan arewa zazzaɓi yana iya zama na cizon sauro ko sanƙarau, gwaji ne kawai ke rarrabewa.

Hukuncin shari'a

Ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana fita daga cikinsa. Sayyidina Umar (RA) ma ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Kuma idan an umurci wanda ya ci tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da mutane da wari, to mai ɗauke da cuta mai yaɗuwa ya fi cancanta. Saboda haka mai zazzaɓi da tari ya yi sallarsa a gida, ko da Juma'a ce, ko da shi ne limami. Muna fatan ladansa na nan, tsohon da ke kusa da shi a sahu kuma ya tsira. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam.