Riba Biyu, Rubutu Ɗaya

A boko rubutunsu ɗaya, a baki kuwa sun sha bamban. Ɗan kasuwar hatsi a Tsafe, idan ya sayi buhun gero da kaka ya sayar da bazara, ya cire uwar kuɗi, abin da ya rage shi ne riba, da jan "ri". Wannan daga Larabci "ribh" muka aro ta, har ta wuce kasuwa: a ce yaro ya ci ribar zama da manya.

Ɗayar kuma, mai gajeren "ri", ita ce ƙarin da ake ɗorawa kan bashi, wadda shari'a ta haramta. Ita ma Larabci ce, daga tushen da ke nufin ƙaruwa. Almajirin tsohuwar 'Yandoto, garin malamai, ba zai taɓa haɗa su ba, domin a Larabci ƙarshensu daban ne. Boko ne ya gwamutsa su.

An kuma samar wa ta biyun suna mai laushi, kuɗin ruwa. A ganina, wannan sunan kunya ce kawai.

Ɗalibin digiri na biyu a fannin kasuwanci a Gusau, mai nazarin kasuwannin kuɗi na Landan da Dubai, kullum sai ya ci karo da su biyun. Takardar lamuni kuɗin ruwa take biya. Sukuk kuwa, takwaranta na Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi, kuɗin haya yake biya. Kalmar "murabaha" ta bankin Musulunci na Jaiz ma 'yar gidan "ribh" ce.