Maradin Katsina da Lissafin Sha Biyu da Biyu Bisa Uku

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan ɗauko muku tarihin wani dattijo na ƙasarmu, marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi, Maradin Katsina kuma Hakimin Kurfi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a 2024 yana da shekara 93.

Mu a nan Dutsin-Ma da Kurfi da rawani muka fi saninsa. To amma kafin rawanin, ma'aikacin gwamnati ne da ya yi karatu a Kwalejin Barewa, ya wuce Ingila ya ƙaro ilimi. Irin wannan hawa daga alƙalami zuwa sarauta ba a kansa aka fara ba. Ko a Ingila, William Cecil sakataren Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ne tun 1558, sai a 1571 ta ba shi sarautar Burghley.

Babbar jarrabawar Maradi ta zo ne a 1979, lokacin da sojojin Obasanjo za su miƙa mulki, shi kuma yana sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO, Michael Ani na shugabanta. Jam'iyyu biyar suka shiga takara: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP ta Malam Aminu Kano. Doka ta ce bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohin kuwa 19 ne, ba sa rabuwa uku daidai. Nan gizo ke saƙa.

An yi zaɓe ranar 11 ga Agusta. Shehu Shagari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 5 da dubu 600, Awolowo na bin sa da miliyan 4 da dubu 900 da ɗoriya. Shagari ya cika sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano, gidan PRP, bai kai kashi 20 ba. Awolowo ya ce sai jihohi 13, don haka a je zagaye na biyu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku. A lissafinsa, kashi ɗaya bisa shida na ƙuri'un Kano ya wadatar, Shagari kuwa ya haura haka. FEDECO ta bayyana Shagari, Awolowo ya garzaya kotu, sunan Ahmadu Kurfi na cikin waɗanda ya yi ƙara. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. Aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba.

Har gobe ana jayayya kan wannan hukunci. Ni abin da ya fi burge ni shi ne Maradi bai ja bakinsa ya yi shiru ba. A 1983 ya fitar da littafi kan zaɓen 1959 da na 1979, ya ajiye nasa bayanin inda mai yarda da mai musu za su same shi. Manyanmu nawa ne suka riƙe amanar ƙasa suka tafi da labarinsu kabari? 'Yan'uwana marubuta, wannan aiki yana jiranmu.

Allah Ya jiƙan Maradi, Ya kyauta namu zuwan. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.